Ramuwar Zakiya a Tsibirin Farasan

Wata huɗu ke nan da kama Jabiru, kuma a cikin wata huɗun nan babu wanda ya ga hawayen Zakiya a gidan babanta Malam Gwadabe da ke unguwar Ruwais a Jidda.

Abin ya ɗaure wa kowa kai. Shekara biyu ta yi tana rigima da 'yan gidansu a kan telan nan ɗan Gusau, wanda ya zo umara ya ƙi komawa, yake ɗinkin abaya a bayan wani shago a unguwar Balad ba tare da iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Sau biyu yana aiko da manya neman aurenta. Babanta ya ce a dakata sai ya sami kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya masa, ya gyara zamansa. Mahaifiyarta, Hajiya Mastura, ta ce ko ya gyara ba ta so.

Sai ga shi wata Talata da hantsi 'yan kame sun haura benen da yake ɓoye a unguwar Sa'alaba. Ɗakuna goma sha biyu suka wuce ba su ƙwanƙwasa ko ɗaya ba. Kai tsaye suka nufi ɗan ɗakin kwanon da ke saman rufi, a bayan tankunan ruwa. Kwanansa ashirin a tsare, aka sa shi a jirgin Kano da kayan jikinsa.

Muntaka, abokin kwanan Jabiru, sayen burodi ya fita, shi ya sa ya tsira. Shi ne ya kira Zakiya a waya bayan kwana uku.

"Na ga wata farar mota jims a bakin layi," ya ce. "Mai ita ya sauke gilashi yana nuna musu benen da hannu. Wallahi Zakiya, malamin makarantar nan ne da ke zuwa gidanku."

Ustaz Abdulwahid ke nan, abokin yayanta Abdulghani, wanda shi ma ya daɗe yana neman ta tana ƙin fitowa.

Ba ta gaya wa kowa ba. A makon da ya biyo baya, da Abdulwahid ya zo gaisuwa, ita da kanta ta kai masa shayi har falo, ta kuma yi masa murmushi.

*

"Zakiya, ajiye kayan nan ki zo ki zauna."

Ta ajiye abayar da take ninkewa, ta zauna a bakin gado kusa da mahaifiyarta. Gobe da asuba za su kama hanya. Abdulwahid ne ya gayyaci gidan gaba ɗaya zuwa tsibirin Farasan, inda ya taɓa koyarwa shekara biyu. Ya ce Ammi Gwadabe, wato baffa kamar yadda yake kiransa, ya shekara talatin yana zaune a shagon turare bai taɓa hutawa ba, ya kamata ya ga teku na gaske.

"Kin san abin da zai kai mu," Hajiya Mastura ta ce. "A can zai yi wa Babanki magana. Don Allah kada ki kunyata ni."

"Ba zan kunyata ki ba, Umma."

"Ya binti, 'yata, ni ba ƙin Jabiru nake yi ba. Yaro ne mai ladabi. Amma me zai ba ki? Nan aka haife ki, nan aka yanke miki cibi, duk da haka baƙuwa ce ke a takarda. Ranar da Babanki ya faɗi, ko kafilinsa ya sauya ra'ayi, ina za mu sa kanmu? Abdulwahid ɗan ƙasa ne. In kika aure shi 'ya'yanki ba za su taɓa sanin tsoron da na rayu a cikinsa ba."

Hawaye suka cika idanun Hajiya Mastura. Ta kamo hannun 'yarta ta riƙe.

"Ki ce mini kin haƙura."

"Halas, shi ke nan, Umma," Zakiya ta ce a hankali. "Duk abin da ya tambaya, a gaban Baba zan ba shi amsa."

Uwar ta rungume ta tana sa mata albarka. Zakiya kuwa idonta a bushe yake, tana kallon bango ta saman kafaɗarta.

A gaban Baba take son komai ya faru, kuma tana da dalili. Malam Gwadabe shi ma da ƙafar alhaji ya shigo ƙasar nan, ya yi shekara tara yana kwana a saman rufin mutane kafin ya sami takarda. Ƙanensa Rafi'u, da suka zo tare, wani maƙwabci ne ya tona masa asiri aka mayar da shi gida, kuma har ya rasu ba su ƙara haɗuwa ba. Duk Ruwais an san Malam Gwadabe yana iya yafe wa ɓarawo, amma ba ya ko amsa sallamar mai tona asirin ɗan'uwansa.

Da ta so, tun ranar da Muntaka ya kira ta za ta faɗa. Amma da sai Abdulwahid ya daina zuwa kawai, ya ci gaba da rayuwarsa. Ita ba haka take so ba. So take ya sa rai, ya gaya wa danginsa, ya buɗe baki ya roƙa, sannan ya ji yadda ake ji in an ƙwace wa mutum abin da ya riga ya miƙa hannu zai ɗauka.

*

Wuni guda suka yi a hanya daga Jidda zuwa Jizan, suka kwana, da safe suka shiga babban jirgin ruwa har da motar Abdulwahid. Malam Gwadabe ya ƙanƙame ƙarfen jirgin yana ta salati, Abdulghani yana yi masa dariya.

Da tsibirin ya bayyana, Zakiya ta ji haushin kanta, domin ba ta so wurin ya yi mata kyau ba.

Ruwan bakin gaɓa kore ne shar, can gaba kuma shuɗi, har kana hango ƙasansa kamar babu komai a tsakani. Yashin fari ne tas, mai laushin garin alkama. A hanyarsu ta zuwa masauki wasu ƙananan bareyi guda uku suka tsaya a cikin ƙaya suna kallon motar, sannan suka zabura suka ɓace.

"Kin gani, ya Zakiya?" Abdulwahid ya ce yana leƙenta ta madubi. "Ba kowa suke tsaya wa ba. Yau sun san da babbar baƙuwa."

"Ai kai ma ka iya gano abin da ya ɓuya, Ustaz," ta ce.

Ya yi dariya, ya ji daɗi. Hajiya Mastura ma ta yi murmushi.

Washegari da safe ya kai su wurin wani tsohon masunci mai suna Yahya, suka shiga kwalekwalensa mai inji. Suka kutsa cikin wani daji da ya tsiro a tsakiyar ruwan gishiri, bishiyoyin da mutanen wurin ke kira ƙandal, saiwoyinsu a waje, sun sarƙe da juna kamar yatsun hannu. Hanyar ruwan ta yi ta ƙuntata har rassa suna shafar kawunansu. Yahya ya kashe inji, ya koma tura jirgin da gora. Wurin ya yi tsit, sai kukan tsuntsaye. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a kan reshe, ƙaguwoyi jajaye suna tsere a kan laka.

"Subhanallahi," Malam Gwadabe ya ce. "Mastura, ashe akwai irin wannan a ƙasar nan muna zaune?"

Da suka fita sarari, wasu manyan kifaye masu dogon baki suka riƙa tsalle a gefen jirgin suna bin su. Yahya ya ce sunansu abu salama, ba sa cutar da kowa. Abdulghani ya miƙe yana ihu yana ɗaukar hoto, sai da tsohon ya daka masa tsawa ya zauna.

Zakiya ta tsoma yatsunta a ruwan. Can ƙasa duwatsun murjani ne, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar faifai, ƙananan kifaye masu rawaya da shuɗi suna shiga suna fita.

Shekara biyar Jabiru ya yi a Jidda, garin da ke bakin teku, bai taɓa zuwa ya zauna a bakin ruwa ba, don tsoron kada a tambaye shi takarda. Ya taɓa ce mata ranar da ya sami iƙama, kafin ya je ko'ina, sai ya je ya tsoma ƙafarsa a tekun nan ya ji ko da gaske ruwan ɗumi ne.

Ruwan kuwa da ɗumi.

Ta janye hannunta, ta dunƙule shi a cikin abaya har farcenta ya shige tafinta.

*

Yahya ya sauke su a wani ɗan tsibiri da babu gida ko ɗaya, sai yashi da 'yan bishiyoyi biyu da tsuntsayen teku. Ya gasa musu kifin harid mai launin kore da ja, ya ce zai je duba komarsa, ya dawo ya ɗauke su bayan la'asar.

Suka yi sallar azahar a kan yashi. Hajiya Mastura ta shimfiɗa ledar cin abinci a inuwa, ta fito da shinkafa da butar shayi. Malam Gwadabe ya naɗe wandonsa, ya shiga ruwa har gwiwa kamar yaro, ya fito yana dariyar da Zakiya ta daɗe ba ta ji ba. Sai da zuciyarta ta yi rauni kaɗan. Ta kalli Abdulwahid yana gyara zaman hularsa, yana share zufa, yana shirya kalmomi a bakinsa, sai raunin ya tafi.

Ana cikin cin abinci ya yi gyaran murya.

"Ammi, ina da magana, in ka yi mini izini."

"Bismillah, ɗana."

"Kun san ni, kun san iyayena. Na daɗe ina son Zakiya, na yi haƙuri har Allah ya kawo lokaci. Na riga na gaya wa mahaifina, ya ce da mun koma za su zo. Amma na so in fara jin ta bakinka a nan."

Malam Gwadabe ya goge hannunsa, fuskarsa a sake.

"Ni ba na yi wa 'yata dole. Ga ta nan. Zakiya, kin ji."

Ta ajiye kofin shayinta. Ta ɗago kai ta dubi Abdulwahid ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Na ji, Baba. Tambaya ɗaya nake da ita, in ya amsa shi ke nan."

"Ko ɗari ne," Abdulwahid ya ce yana murmushi.

"Ustaz, ranar Talatar da aka kama Jabiru, me ya kai motarka Sa'alaba?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai gama gushewa ba. Abdulghani ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Zakiya!" Hajiya Mastura ta ce da ƙarfi. "Wace irin magana ce wannan?"

"Umma, ki bari ya amsa. Makarantarsa tana arewa, Sa'alaba tana kudu, kuma lokacin aiki ne. Me ya kai shi?"

"Ni ban san abin da kike faɗi ba," Abdulwahid ya ce. "Farar jims nawa ce a Jidda?"

"Ban ce fara ba, ban ce baƙa ba, motarka na ce. Amma tunda ka tambaya, mai farar jims ɗin da ya sauke gilashi yana nuna bene da hannun da ke sanye da zoben azurfa, guda ɗaya ne. Muntaka yana tsaye a bakin gidan burodi, taku ashirin tsakaninku. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Kai za ka dafa?"

Igiyar ruwa ta zo ta taɓa bakin yashi ta koma.

Sai a lokacin hawayen wata huɗu suka zubo mata, amma muryarta ba ta karye ba.

"Me ya yi maka? Ya taɓa zaginka? Mutumin da in ya gan ka a ƙofar gidanmu shi ke fara gaishe ka, ya matsa maka hanya. Ɗinkinsa yake yi, yana aika wa tsohuwarsa abin da ya samu. Da silifas ɗaya aka fito da shi, Ustaz, ɗayan ya faɗi a matakala ba a bar shi ya ɗauka ba. Kai kana zaune a cikin sanyin mota kana kallo. Sannan ka zo gidanmu da yamma ka ce wa Baba Allah ya kyauta."

"Zakiya, ki saurare ni..."

"Wata huɗu ina sauraronka. Na dafa maka shayi, na yi maka dariya, na bar ka ka gaya wa duk danginka. Yanzu ka koma ka faɗa musu 'yar mai turare ta ce ko maza sun ƙare a duniya ba ta aurenka. In sun tambayi dalili, ka faɗa musu. In ba ka faɗa ba, ni mai lalle ce, babu gidan bikin da ba na shiga a garin nan. Kafin Ramadan babu uwar da za ta ba ka 'yarta daga Ruwais har Sa'alaba."

Malam Gwadabe ya sa hannu ya ture farantin kifin daga gabansa. Ya jawo butar ruwa ya wanke hannunsa, ya kurkure bakinsa ya zubar a yashi. Sannan ya dubi saurayin.

"Abdulwahid. Da gaske ne?"

"Ammi, doka ce. Mutumin nan zaune yake ba bisa..."

"Ban tambaye ka doka ba. Na san doka tun ba a haife ka ba. Kai ka nuna shi?"

Abdulwahid ya sunkuyar da kai. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni ne."

"Ya khasara," Abdulghani ya ce, ya miƙe tsaye. "Kai? Abokina? A gidanmu kake cin abinci!"

"Kada ka ƙara ce mini Ammi," Malam Gwadabe ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Kada ƙafarka ta ƙara taka gidana. Motarka ma na gama shiga. Ko a ƙasa ne zan koma Jidda."

Zakiya ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta. Abin da ta kwana tana tsarawa, ta tashi tana tsarawa, ga shi ya faru daidai yadda ta so. Ta zuba wa Abdulwahid ido, ba ta son ko ɗigon kunyarsa ya wuce ta.

Sai ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, amma dariya yake yi, wata irin dariya marar daɗi.

"Tayyib. Ni ne mugu, na yarda. Amma ya Zakiya, ke mai wayo, ba ki taɓa tambayar kanki ba? Ni ban taɓa shiga benen nan ba. Ta yaya na san akwai ɗaki a bayan tankunan ruwa?"

"Ka bi shi a baya."

"Ban bi kowa ba. Takarda aka ba ni. Layi na uku bayan masallaci, koren ƙyaure, a hau har sama, a zagaya bayan tanki. Har da ɗan zanen matakala a gefe." Ya karkata kai. "Rubutunki ne ma. Da jan biro."

Zakiya ta ji kamar an zare yashin da take zaune a kai.

Sau ɗaya ta taɓa rubuta kwatancen nan. Mako biyu kafin a kama shi, Jabiru ya kwanta zazzaɓi, ta shiga kicin tana kuka. Mahaifiyarta ta lallashe ta, ta ce ai ciwo ya wuce gaba, za ta dafa masa farfesu ta ba wata maƙwabciya ta kai masa, ta rubuta mata inda yake. A ranar Zakiya ta yi zaton Umma ta fara saukowa. Har sujada ta yi ta gode wa Allah.

Ta juya a hankali.

Butar shayin da ke hannun Hajiya Mastura tana karkace, shayin yana zuba a kan leda ba ta sani ba.

"Umma?"

Hajiya Mastura ta sunkuyar da kai.

"Mastura," Malam Gwadabe ya ce. "Ɗago ki dube ni."

Hajiya Mastura ta saki butar, ta fashe da kuka.

"Don ita na yi, Alhaji! Wallahi don ita na yi! Kana so ta ƙare a saman rufi kamar yadda muka fara? Ka manta Abdulghani a ɗakin kwano na haife shi, na cusa zane a bakina don kada a ji ihuna? Na ce a mayar da shi gida ne kawai, ba a kashe shi ba, ba a dake shi ba. Ya binti, ki yafe mini, ni uwa ce..."

Ta miƙo hannu. Zakiya ta ja da baya.

"Ya sha farfesun, Umma," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Ya kira ni ya ce in gode miki. Ya ce tun da ya bar Gusau bai ji yana da uwa a ƙasar nan ba sai ranar."

Malam Gwadabe ya rufe fuskarsa da tafukansa. Can nesa ƙarar injin Yahya ta fara tasowa.

Zakiya ta miƙe. Ta ɗauki jakarta ta nufi bakin ruwa, ta shiga har ruwan ya jiƙa gefen abayarta. Ta buɗe jakar, ta zaro katin iƙamarta, ta dubi hoton da ke jiki.

"Don wannan ne, ko Umma?"

"Zakiya, me za ki yi?" Abdulghani ya taso da gudu.

Kafin ya iso ta lanƙwasa katin da hannu biyu har ya karye, ta wurga ɓangarorin biyu can inda ruwan ya yi shuɗi.

"Ke mahaukaciya ce?" ya kama kafaɗarta yana girgiza ta. "Shingen bincike nawa ne tsakanin Jizan da Jidda! Halas, ba komai, za mu ce ya ɓata, a yi miki wani."

"Ku ce abin da kuke so, Yaya. Ni a shingen farko zan sauka in ce ban san ku ba, umara na zo na ƙi komawa. Su kai ni inda suka kai shi."

"Ba ki taɓa ganin Nijeriya ba! Ko hanyar Gusau ba ki sani ba!"

"Zan tambaya."

Hajiya Mastura ta rarrafo a kan yashi, ta kama ƙafar mijinta tana kuka.

"Alhaji, ka yi mata magana! Kai kaɗai take ji! Za su tafi mini da 'ya!"

Kwalekwalen ya iso, Yahya ya kashe inji, ya tsaya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Malam Gwadabe ya zare ƙafarsa daga hannun matarsa, ya taka har cikin ruwan inda 'yarsa take tsaye. Ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Ba za ki sauka a shinge ba," ya ce. "Ba a kama 'yata kamar ɓarauniya. Ni zan kai ki Gusau da kaina, in ɗaura auren da hannuna."

"Alhaji!" Hajiya Mastura ta ƙwala ihu. "To ni fa? In kun tafi ni fa?"

Bai waiwayo ba. Ya riƙe hannun Zakiya ya taimaka mata ta hau jirgin.

"Ke kuma, Mastura," ya ce, "maganarki sai mun isa gida."